Hannun Haƙa Ya Ƙi Juyawa? Kada A Yi Saurin Kama Famfo Da Laifi

'Yan'uwa manoma da shugabannin ƙungiyoyin gama kai, maganar da na kawo muku a wannan fitowa ta ƙarfe ce da mai, amma a aljihunku take ƙarewa, da kuma gonakinku. Saboda haka kada wani ya ce wannan shafi na makanikai ne, ya wuce.

Duk wanda ya san Dundaye, a ƙetaren Gulbin Rima daga birnin Sakkwato, ya san arzikinta fadama ne: shinkafa da damina, albasa da tumatir da tattasai da rani. Fadama kuwa ba ta zaunuwa sai da haƙa. A yashe magudana, a ta da jinga, a zurfafa kududdufi domin ya riƙe ruwa har bazara. Tun ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta kuma cinye gonaki masu yawa, ba sai an roƙi mutumin wannan yanki ya yarda da amfanin jinga ba. Sai dai lokacin wannan aiki gajere ne. Bayan ruwa ya janye akwai 'yan makonni kafin laka ta bushe ta zama kamar dutse, sa'an nan akwai 'yan makonni kafin ruwan sama ya sauka wajen watan Yuni. Wanda motar haƙarsa ta kwanta a cikin waɗannan makonni, ba mako ya rasa ba, shekara ya rasa.

Motar da nake nufi ita ce tarakta mai hannun haƙa a baya, wadda mutane kan haɗa ta da sauran manyan motocin aiki su ce katafila. Kamfanin JCB na Ingila ya fito da irinta a 1953, yau kuwa kamfanoni da yawa suna yi. Akwai wadda aka ƙera ta haka nan, da babban bokiti a gaba da hannu a baya, akwai kuma hannun da ake saya dabam a ɗaura wa taraktar noma. Ko wacce ce, hannun yana da gaɓoɓi kamar na mutum: kafaɗa mai ɗagawa, gwiwa mai lanƙwasawa, bokiti mai ɗiba, ƙafafu biyu masu tokare ƙasa, sa'an nan juyi, watau karkata dukan hannun dama ko hagu domin a zubar da ƙasa a gefe. A kan wannan juyi maganata take. Ba na nufin babbar motar nan mai tafiya a kan sarƙa wadda jikinta duka ke zagayawa, tata hanyar dabam ce.

Juyi yakan lalace ta hanya iri iri. Wani lokaci ya yi sanyi, hannu yana tafiya kamar mai ciwon baya. Wani lokaci ya tafi dama lafiya, ya ƙi hagu. Wani lokaci a saki liba, maimakon hannu ya tsaya sai ya yi ta sulalewa. Wani lokaci kuma ya yi ta fizga, ko ya je ƙarshe ya buga da ƙara. Cututtuka ne dabam dabam, amma hukuncin da akan yanke musu a gindin bishiya ɗaya ne: "Famfo ya mutu." Daga nan sai a kwance famfo, a tara kuɗi, a aika mutum Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a samu ba a yi waya Legas. Kwana goma, mako uku. A kawo famfo, sau da yawa tsoho ne aka wanke, a ɗaura, a ta da mota, hannu ya ci gaba da abin da yake yi. A ganina wannan ɗabi'a ta sayen kaya kafin a gane cuta ta kashe motocin haƙa fiye da yadda laka da duwatsu suka kashe. Cikin dukan abin da ake iya zargi a kan juyi, famfo ne mafi tsada, shi ne kuma wanda laifi ya fi wuyar zama nasa.

Bari in faɗi dalili. Wanda ya taɓa ban ruwa da inji ya riga ya san rabin karatun. Injin ban ruwa yana zuƙo ruwa ta tiyo ɗaya ya tura ta wani. In ka bar bakin tiyo a buɗe ruwa yakan zubo a sake, in ka toshe da yatsa sai ka ji ƙarfi. Watau inji gudu yake ba ruwa, toshewa ce take kawo matsi. Haka famfon haidirolik yake da mai. Yana zuƙo mai daga tanki ya tura zuwa akwatin bawul inda libobin direba suke. Direba ya ja liba, mai ya bi tiyo ya shiga silinda, wadda makanikai ke ce wa jak, ya tura fistin, fistin ya tura sandar ƙarfe, hannu ya motsa. Matsin ba na wasa ba ne. A irin waɗannan motoci yakan kai ba 170 ko fiye, a ma'aunin da ake kira ba, kuma da wannan matsi fistin mai faɗin santimita 8 yana tura nauyin da ya wuce tan 8. Amma in mai ya sami wata 'yar kafa da zai zille ta ciki, to, ta nan zai bi, gama mai ma kamar ruwa yake, ba ya son wahala. Kusan dukan ciwon juyi amsar tambaya ɗaya ce: ina man yake zillewa, ko kuwa me ya tare masa hanya?

To, ga abin da ya wanke famfo. A yawancin waɗannan motoci famfon da ke ba juyi mai shi ne ke ba kafaɗa da gwiwa da bokiti da ƙafafu. Rijiya ɗaya ce gidaje biyar ke sha. In gida ɗaya ya rasa ruwa sauran huɗu suna wanka, ba rijiya za a yasa ba, gugan gidan za a duba. Saboda haka tambayar farko, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce: sauran gaɓoɓin suna da ƙarfi? A sauke ƙafafu a ga ko suna ɗaga bayan motar sama. A kafa bokiti a ƙasa mai tauri a ga ko yana cizo. In suna yi, a bar famfo ya huta, ba shi da laifi. Wannan gwaji bai kai minti biyar ba, amma sau nawa ake yinsa kafin a ɗauko sifana?

In kuwa dukan gaɓoɓin sun yi sanyi tare, har yanzu da sauran tafiya kafin a isa ga famfo. A duba mai a tanki, motar tana tsaye a wuri mai daidai. A dubi launinsa. Mai kumfa, iska ce ta shiga, galibi ta tiyon zuƙa wanda ɗaurinsa ya saki, daidai da yadda injin ban ruwa ke shaƙar iska ya yi ta tari. Irin wannan ne ke sa hannu fizga, famfo kuma ya yi ta kuka. Mai fari kamar nono, ruwa ne ya shiga. Mai baƙi mai warin ƙuna, zafi ya dafa shi. Sa'an nan filta, da rariyar da ke cikin tanki, wadda akan yi shekaru ba a tuna da ita ba. Masu hannun da ake ɗaurawa a taraktar noma su ƙara duba abu biyu. Na ɗaya mahaɗin tiyo, wanda ake turawa ya kama: in bai shiga sarai ba mai ba ya wucewa sosai, musamman a hanyar komawa tanki. Na biyu, in famfon hannun a kan sandar baya ta tarakta yake, wadda ake kira PTO, sai sandar ta yi juyi 540 a minti kafin ya ba da man da aka yi shi ya bayar. Direban da ke tsimin man gas, yana aiki da inji a kwance, shi ya sanyaya hannun da kansa. Bayan waɗannan duka akwai babban bawul mai sakin matsi, wanda in datti ya maƙale a bakinsa sai ya riƙa mayar da mai tanki tun matsi bai kai ba. Sai an wuce waɗannan duka ake da ikon kallon famfo.

Ƙasarmu kuwa ba ta tausayin mai. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 tun ba a ta da inji ba, man haidirolik kuma in ya wuce wajen digiri 80 yakan tsinke ya zama kamar ruwa, robobin da ke tare shi su ƙone su taurare. Shi ya sa za ka ji direba ya ce motar lafiya lau take da safe, da azahar sai ta mutu. Wannan magana shaida ce babba, a riƙa sauraronta: tana nuna akwai kafa a ciki wadda mai kauri ba ya iya bi, sai ya yi zafi. Da hunturu ga ƙura, wadda ke manne wa sandar silinda ta bi ta ciki in robar bakin ta tsage. A fadama ga ruwa da laka. A kan waɗannan kuma mu muke ƙara namu: jarkar da aka ɗebo man gas da ita jiya, mazurarin da ya kwana a ƙasa, tsumman da aka toshe bakin tanki da shi domin murfi ya ɓata. Har akwai masu ƙara tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, wai mai mai ne. Mafi muni shi ne man birki, gama yakan kumbura robobin ya lalata su duka. A nemi man da littafin motar ya faɗa. A ƙasa mai zafi irin tamu galibi mai lamba 46 ne ko 68, sai dai taraktar da giyarta da haidirolik ɗinta ke shan mai ɗaya, ita nata na musamman ne.

Yanzu mu komo kan juyi shi kaɗai, sauran gaɓoɓi suna lafiya. A fara da abin da ido ke gani. Akwai ƙusar kulle da ake sa wa hannu in za a hau hanya domin kada ya yi ta lilo. An cire ta sarai? Kada a yi dariya, yana faruwa. Sa'an nan liba ko fedar juyi: tsakaninta da bawul akwai 'yan sanduna da ƙusoshi, in sun ci, ko laka ta bushe a ƙarƙashin feda, direba zai taka iyakar ƙarfinsa amma bawul rabi ya buɗe. A sa mutum ya ja liba inji yana kashe, wani ya dubi sandar bawul ya ga ko tafiyarta gaba da baya daidai take da ta maƙwabtanta. Sa'an nan babbar ƙusar da dukan hannun ke juyawa a kanta. Nauyin hannu da na ƙasar da ya ɗebo duk a kanta suke, tana kuwa kusa da laka. Giris take so kowace safiya. In ta bushe sai ta riƙa kuka, ta cije, silinda tana turawa tana fama da tsatsa maimakon ƙasa.

In waɗannan ba su nuna kome ba, sai tambaya ta biyu: gefe ɗaya ne ko duka biyu? Nan ne gwanin makanike ke rabuwa da mai canke. Ban da babban bawul da na ambata, juyi yana da nasa ƙananan bawul masu sakin matsi, galibi ɗaya na dama ɗaya na hagu. Aikinsu shi ne, in hannu yana gudu da cikakken bokiti aka saki liba farat ɗaya, su saki ɗan mai domin kada tiyo ya fashe ko ƙarfe ya karye. In na gefe ɗaya ya sami datti, ko sifirin ɗinsa ya karye, ko 'yar robarsa ta yanke, sai wannan gefe ya rasa ƙarfi, ɗayan yana nan garau. Yadda ake kama shi kuwa da sauƙi: in su biyun iri ɗaya ne, a musanya su. In ciwon ya tashi daga hagu ya koma dama, an kama ɓarawo, abin da za a saya kuwa bai fi babban yatsa girma ba, wani lokaci ma wankewa kawai yake so. Haka kuma akan musanya tiyoyin juyi da na wata gaɓa a bakin akwatin bawul na ɗan lokaci. In ciwon ya tsaya a juyi, yana wajen silinda ko tiyo. In ya bi liba ya koma ɗaya gaɓar, yana cikin bawul. Mai wannan gwaji ya tuna libobin sun sauya aiki, ya taɓa su a hankali. Tiyo ma yana da tasa yaudarar. Yakan yi kyau a waje alhali fatar cikinsa ta saɓule ta zama kamar ƙyaure, mai ya wuce in zai je, ya toshe in zai dawo.

Idan kuwa juyi ya yi rauni dama da hagu, kuma hannu yana sulalewa in motar ta ɗan karkata, to, hankali ya koma kan robar fistin. Yawancin waɗannan motoci silinda biyu ke juya hannun, an kuma haɗa tiyoyinsu a gicciye, ɗaya tana turawa ɗaya tana ja. Saboda wannan haɗi, in robar fistin ɗaya ta mutu mai yakan tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki, ya raunana gefen biyu. Ba a ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa, shi ya sa mutane ba su yarda yoyo ne. Amma yoyon ciki yana da alama, watau zafi. A yi ta juya hannu na ɗan lokaci, a kashe inji, a taɓa jikin silinda biyun: wadda mai ke tsallakawa a cikinta takan fi 'yar'uwarta zafi. Tabbatarwa kuwa aikin makanike ne. Yakan kai hannu ƙarshen juyi, ya sauke bokiti, ya kashe inji, ya motsa libobi domin matsi ya fita, ya kwance tiyon gefen da ba a turawa, ya toshe tiyon da murfin ƙarfe, sa'an nan a ta da inji a danna liba wajen da hannun ya riga ya tsaya. In mai ya yi ta bulbulowa daga bakin silinda, roba ta mutu. Robobin ba su kai kashi kaɗan na kuɗin famfo ba. Sai dai in an buɗe a duba cikin silinda da sandarta. In akwai ƙarzuwa, ko sanda ta lanƙwashe, sabuwar roba ba za ta kai wata guda ba, kuma wanda ya sa ta bai faɗa muku ba ya cuce ku.

A rarrabe kuma tsakanin sulalewa da girgiɗi. In an kashe inji, bokiti ya ɗan bar ƙasa, aka tura shi da hannu ya yi ƙwas ƙwas dama da hagu sa'an nan ya tsaya, wannan ba mai ba ne, ƙusoshi ne da bushin suka ci. Ɗan saki kaɗan a gindi yakan zama mai yawa a bakin bokiti, gama hannun dogo ne. In ya yi laushi kamar katifa, iska ce a ciki, sau da yawa bayan an canja tiyo, kuma juya hannu a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da dama yakan fitar da ita. Bugawa a ƙarshen juyi kuwa, akwai abin da aka sa domin ya rage gudun mai in fistin ya kusa ƙarewa, shi ne ya lalace, ko kuwa wani ya cire shi wai domin hannu ya ƙara sauri.

Dole in tsaya nan in yi kashedi, gama abin ya shafi rai. Kada kowa ya nemi yoyon tiyo da tafin hannunsa. Man da ke fita ta ƙaramar huda yakan huda fata kamar allura, matsin da bai wuce ba 7 ba ma ya isa, balle 170. Wurin yakan yi kamar cizon sauro, mutum ya ce ba kome, kwana ɗaya ko biyu yatsa ya ruɓe. A yi amfani da guntun kwali. Wanda abin ya sama kuwa a kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita man inji ne ya shiga da matsi, gama aikin fiɗa ne, ba na shafa magani ba. Hannun da ke sulalewa kuma ba abin da za a ce a lallaɓa a gama aiki ba ne. A wurin haƙa kullum akwai 'yan ƙwadago a cikin rami suna gyara gefe da shebur, ga yara 'yan kallo a bakin rami. Bokiti cike da laka in ya taho bai san ɗan kowa ba. Motar da juyinta ba ya tsayawa inda aka tsayar da shi, a fitar da mutane daga rami, ko a kashe ta.

Me ke kashe juyi tun da fari? Nan zan taka ƙafar waɗansunmu. An yi hannun nan domin ya haƙa ta gaba, ya jawo wajen motar. Silindar juyi aikinta ɗaukar bokiti ta kai gefe, ba tura ƙasa ba. Amma da an gama rami sai mai gona ya ce, "Direba, ɗan share mini wannan tudun da gefen bokiti." Ko a ce ya bugi kututture ta gefe har ya faɗi, ko ya daki bangon rami domin laka ta saki bokiti. Kowane bugu yana sauka a kan ƙananan bawul ɗin nan da robobi da ƙusoshi. Direba ya sani, amma yaro ne, mai gona kuwa dattijo ne, shi ya biya kuɗi, wataƙila ya kawo fura. Yaya zai ce a'a? Saboda haka ban ga adalci ba a ɗora wa direbobi dukan laifi. Mai mota ya faɗa da bakinsa tun ranar ciniki cewa ba a shara da gefen bokiti, domin yaron ya sami abin dogara. Abin tura ƙasa yana nan a gaban motar.

Masu haya kuma su yi wannan lissafi. Kowane bokiti guda juyi biyu ne, zuwa da dawowa. A ce motar kirki tana ɗiba ta zubar ta dawo cikin daƙiƙa 20, watau bokiti 180 a awa. In sanyin juyi ya ƙara daƙiƙa 10 kawai, sun koma 120. Kashi ɗaya cikin uku na aikin ya tafi, kuɗin awa bai ragu ba, man gas ma bai ragu ba. Ƙungiyar da ta tara kuɗin awa 30 ta sami aikin awa 20, jinga ta tsaya saura kaɗan, ruwa kuwa ta wannan saura kaɗan ɗin zai shigo.

Na san abin da makanikai za su ce, kuma da gaskiyarsu. Za su ce, "Malam, in na wuni ina bincike na gano 'yar roba ce, nawa za a ba ni? A ce ai ba abin da na yi. In na kwance famfo kuwa kowa ya ga aiki." Haka ne. Mu ne muka koya musu, gama muna biyan nauyin ƙarfen da aka kwance, ba mu biyan sanin da ya hana a kwance shi. Ina roƙon ƙungiyoyi da masu motoci su yanka wa bincike nasa kuɗi dabam, a biya shi da daɗin rai ko da abin da aka gano ƙusa ce. Sa'an nan a sayi gejin matsi, mai kai ba 400, da 'yan murafan toshe tiyo, a ajiye su tare da motar. Makanike marar geji kamar ma'aikacin asibiti ne marar abin awon zafi. Da geji za a san ko matsi ya kai abin da littafin motar ya ce, dama nawa, hagu nawa, a rubuta. Ba tare da shi ba sai ka ga an kama babban bawul ana ɗaurewa wai a ƙara ƙarfi. Wannan ba ya toshe kafar da mai ke zillewa, sai dai ya ƙara zafi ya fasa tiyo, wani lokaci ya kashe famfon da dā lafiyarsa ƙalau. Daga nan maganar gindin bishiya ta zama gaskiya.

Ba yau ƙasar nan ta fara sayen tarakta ba. An saya a zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, an saya a zamanin juyin noma na 1980, har an yi masana'antar haɗa tarakta a Bauci. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, da madatsun Bakolori da Goronyo, sun kawo manyan motocin aiki wannan yanki tun shekarun 1970 da 1980. Kowa kuma ya taɓa wuce wani fili inda irin waɗannan motoci ke jere, tayoyi sun sace, awaki na kwana a ƙarƙashi. Da za a bi su ɗaya ɗaya a tambayi abin da ya fara kwantar da kowace, ina zaton za a sha mamakin ƙanƙantarsa. Mota takan tsaya domin roba, a cire batirinta a ara wa wata, a cire taya, shi ke nan ta zama kasuwar kayan gyara. Waɗansu za su ce to a bar motar mana, a koma gayya da shebur da kwando. Ga ƙananan magudanan cikin gona na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuɗin ma a gari zai tsaya, a hannun samarinmu. Amma jinga mai tsawo a cikin makonni uku ta fi ƙarfin gayyar yau, tun da samari da yawa suna birni ko sun tafi cin rani daidai lokacin da ake bukatarsu.

Saboda haka ƙungiyar da za ta ɗauki hayar motar haƙa bana, kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami a aiki mutum biyu su ga motar tana aiki, da rana tsaka, ba da sanyin safiya ba, bayan ta yi kamar awa guda mai ya yi zafi. A cika bokiti, a miƙe hannu, a juya dama har ƙarshe, a juya hagu, ana ƙirga daƙiƙa, a ga ko sun yi daidai. A tsayar da shi a tsakiya a saki liba, a zuba ido minti guda. A buɗe tanki bayan an kashe inji a dubi launin mai. In mai motar ya ƙi yarda da wannan, a nemi wata tun watan Afrilu, kada a bari sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.